Turancin Titi: Abin da Na Tsinta a Hirarmu

Mun tattauna da 'yan'uwa da suka zauna a Ingila da Amurka, kuma bakinsu ya zo ɗaya: saurara kafin ka kwaikwaya, kada kuma ka kai waɗannan kalmomi cikin takardar neman aiki.

Ɗan Ingila in ya ce maka "You alright?", gaisuwa ce kawai, ba ya zaton ciwo kake yi. Mayar masa da ita ka wuce. "Sick" a bakin matasa yabo ne. "No cap", wadda ta fito daga baƙaƙen fatar Amurka, ma'anarta ba ƙarya.

Wadda ta fi damuna ita ce "pants": wando ne a Amurka, amma a yawancin Ingila ɗan kamfai ake nufi.