Malaman Tattalin Arziki: Wa Ya Taɓa Kawo Kasuwa Cikin Aji?

Malama a sakandaren 'yan mata:
Assalamu alaikum. Shekara 9 ina zana layin buƙata da na wadatar kaya a allo, yara su kwafa, su haddace, su manta. Bara sai na sayo albasa kwando guda, na raba ajin biyu, masu saye da masu sayarwa, na yanka takarda ta zama kuɗi. Da na kwashe rabin albasar na ce damina ta faɗi, kaya sun yi ƙaranci, nan take farashi ya ninka. Wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta ce, "Malama, ashe shi ya sa babanmu ke aje tashi cikin rudu." Wallahi sai da na ji ƙwalla. Akwai wanda ya gwada irin wannan?

Malamin jami'a:
Malama, Allah shi ƙara basira. Tun 1948 Edward Chamberlin, wani masanin tattalin arziki, ya rubuta yadda ya buɗe irin wannan kasuwa da ɗalibansa a jami'ar Harvard ta Amurka. Bayan durƙushewar bankuna ta 2008 ɗalibai a Ingila suka yi ƙorafin darasinsu ya yi hannun riga da rayuwa, masu bincike da dama suka karkata ga fara darasi da matsala ta zahiri, ƙa'ida ta biyo baya. Ni da cire tallafin man fetur na 2023 nake buɗe darasin hauhawar farashi. Kowa ya faɗi kuɗin kabu-kabun da yake biya da, da na yanzu.

Malami daga Illela, bakin iyakar Nijar:
Mu nan yara sun fi ni sanin canjin sefa. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar, darasin cinikin ƙasa da ƙasa a ƙofar makaranta muka gan shi.

Tsohon malami:
'Ya'yana, na ji daɗinku, amma ni ɗalibai 90 na bari a aji, minti 40, ga WAEC na jiran ma'anar da aka haddace. Kuma har na aje alli, zakka da wakafi da haramcin riba ban ga an ba su gurbin kirki a manhaja ba, alhali da su ɗan Sakkwato ya tashi.

Malama:
Baba, gaskiyarka. Nawa 70 ne, ƙarƙashin dogonyaro muka fita. Ranar Litinin zan gwada da nisabin zakkar gero, in Allah ya so in dawo muku da labari.