Ɗan'uwa a ikilisiya ya ci bashi ya ƙi biya: a yafe ko a bi?

Yakubu, Garwa:
Salama 'yan'uwa. Mutum ya ranta wa ɗan'uwansa mai bi sefa 60,000 na taki, da alkawarin biya in an sayar da auduga. Kuɗin auduga ya fito, wata 4 shiru, kuma kowace Lahadi benci ɗaya suke zama. Luka 6:35 ya ce a ba da rance ba tare da sa ran biya ba. To in ya tambayi kuɗinsa, ya yi zunubi ke nan?

Dattijo Ishaku, Ngaundere:
Ɗana, tambaya ba zunubi ba ce. Littafin da ya ce ka bayar, shi ya kira mai cin bashi ya ƙi biya mugu, a Zabura 37:21. Abin da za a fara ganewa shi ne: ya kasa ne, ko ya ƙi?

Hanyar tana Matiyu 18:15-17, kuma ba a tsallake mataki. Mai kuɗin ya je wurin wanda ya ci bashin shi kaɗai, a gida, ba a ƙofar coci bayan sujada ba, ba kuma gaban mata da 'ya'ya ba. Ya faɗi adadin da ranar alkawarin, sa'an nan ya yi shiru ya saurara. Wataƙila gonar ba ta yi ba, ko rashin lafiya ya cinye kuɗin. In haka ne, a yanka bashin: 5,000 duk wata, shekara ɗaya ta ƙare. In ya yi ta kewaye-kewaye, a bar mako 2, a komo da mutum ɗaya ko biyu waɗanda shi ma yake ganin girmansu. Kada su zama dangin mai kuɗin, in ba haka ba zai ga taron dangi aka yi masa. Sai wannan ya gagara a kai wa dattawa.

Inda ake ɓata abu: mutum bai taɓa buɗe baki ga mai bashin ba, amma rabin zumuntar mata sun ji. Ya zubar masa da mutunci, kuma wanda mutuncinsa ya zube ba ya da sauran abin da zai tsare da biya.

Mama Saratu, Marwa:
Baba ya faɗi gaskiya, amma a duba ɗaya gefen. Bawan nan na Matiyu 18 an yafe masa talanti 10,000, ya shaƙe abokinsa a kan dinari 100, ladan kwana 100 na ɗan ƙwadago. Ba tambayar aka hukunta ba, shaƙewar ce, bayan mutumin ya roƙi a yi masa haƙuri. Shari'ar Musa ma ta hana karɓar dutsen niƙa jingina, ta hana shiga ɗakin mutum don ɗauko jinginar (Maimaitawar Shari'a 24:6, 10-11). A yau wannan shi ne garmar shanu, keken ɗinki, babur ɗin haya. Ka karɓe abin neman abincinsa, da me zai biya?

In kuwa za a yafe, a faɗa masa da baki: na yafe, ba ka da bashina. Yafewar zuci da ake yi ana ɗauke kai a wurin gaisuwa tana ci mini rai ƙwarai, don gaba ce aka sa mata rigar ibada.

Malam Bulus, Kuseri:
Na gaba kuma a rubuta. Takarda 2, adadi, ranar biya, shaidu 2 su sa hannu. Ranar ta dace da lokacin da kuɗi ke shigo masa, bayan auduga ko girbin masakwa (dawar rani) wajen Fabrairu, ba tsakiyar damina ba. Kada ka ranta abin da in ya tafi gidanka zai kwana da yunwa. Gara ka ba shi 10,000 kyauta da ka ranta 60,000 na makarantar yara. Kada kuma a ce ga kuɗi a watan Agusta, a biya da buhu biyu da kaka, alhali buhu ɗaya ya kai kuɗin. Kuɗin ruwa ne a ɓoye, Fitowa 22:25 ta hana. In da hatsi zai biya, a yi lissafi da farashin kasuwa na ranar biyan.

Yakubu, Garwa:
Na gode Baba, na gode Mama da Malam. Saura ɗaya: in wanda ya ci bashin shi kansa yana cikin dattawan, wa za a kai wa?