Yaya kuka yi ɗan jarida ya ɗauki labarinku?

Mai horar da yara, Pantami: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da yara 'yan ƙasa da shekara 17 da nake koya wa ƙwallo. Sau uku ina tura wa wani ɗan jarida mai labaran wasanni da siyasar duniya saƙo ta WhatsApp. Yana karantawa, amma shiru kake ji. Don Allah wanda ya taɓa dacewa ya gaya mana yadda ya yi.

Wata uwa, Jekadafari: Malam, ni layi uku kacal na rubuta. Da yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, ɗana yana karatu a Khartum. Na ce ni uwa ce a Gombe, ɗana yana cikin motocin da aka kwashe ɗalibai zuwa iyakar Masar, kuma ina da muryar da ya turo min cikin dare. Kafin la'asar ɗan jaridar ya kira ni, hannuna har rawa yake. Abin da ya fara tambaya shi ne ko mun yarda a sa muryar yaron. Na ce ya bari sai na ji daga bakinsa, ya kuwa jira har washegari. Wannan ya sa na aminta da shi.

Manomin rani, Dadin Kowa: Hajiya ta yi gaskiya. Bayan Rasha ta shiga Yukren a Fabrairun 2022, taki ya yi tashin gwauron zabo. Na rubuta koke shafi biyu, ko sannu. Sai ƙanena ya ɗauki hoton rasit ɗin bara da na bana, ya jera su a kan buhun yuriya. Da wannan ɗan jaridar ya nemo ni.

Mai gidan kallon ƙwallo, Wunti, Bauchi: Ni makara ce ta kayar da ni. Ranar 11 ga Fabrairun 2024 da Kwadebuwa ta ci mu 2-1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka, gidana ya cika har bakin titi. Sai bayan kwana biyu na tura bidiyo, ya ce labarin ya riga ya huce. Har yau abin yana damuna.

Mai horar da yara, Pantami: Na gode ƙwarai. Ni sunayen yara 22 na jero masa. Golana yana tura amalanken ruwa da safe kafin ya zo fili. Gobe zan je wajen mahaifinsa neman izini, in ya amince, da labarin yaron zan fara.