Mun yi sulhu a bakin titi, yanzu ya daina ɗaga waya: in sanar da inshora?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka min da shawara, kaina ya kulle. Motar nan na daɗe ina tara kuɗinta, da ita ake kai yara makaranta, da ita ake kai mahaifiyata ganin likita, kuma ban taɓa barin takardunta su mutu ba. Ranar Alhamis da ta wuce an tsaya a danja, sai wani ya zo ya daki bayanta. Bamba ta tsage, fitilar hagu ta tarwatse, but ɗin ya lotsa har ba ya rufuwa sai an ɗaure da igiya. Mutumin dattijo ne, ya fito yana ta ba da haƙuri, ya ce kada a kira 'yan sanda, shi zai ɗauki nauyin gyara. Aka karɓi lambar wayarsa aka rabu. Da farko yana ɗagawa, yanzu ko ta gaji da ƙara ba ya ɗauka. Na kai wa mai gyara har ya cire bambar. In na je wa kamfanin inshora yanzu za su saurare ni, ko wata rigimar zan tono wa kaina?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Allah ya tsare gaba. Kafin komai, kira mai gyaran nan ka ce ya ajiye sifana. Kamfani sai ya turo mai ƙiyasinsa ya ga ɓarnar da idonsa, in ka gyara kafin ya zo ka share hujjarka da hannunka. Tsagaggiyar bambar ma kada a yar. Sannan wace irin inshora gare ka? In ƙaramar ce, wadda ke biyan wanda KAI ka yi wa ɓarna, ba za su taɓa motarka ba, sai dai ka bi inshorar dattijon. In cikakkiya ce, su za su gyara. Ko wacce ce, ka kira su yau. A takardar yarjejeniyarka akwai sharaɗin sanarwa da gaggawa, wasu ma sun yanka adadin kwanaki, kuma jinkiri na cikin abin da suke kafa hujja da shi su ƙi biya.

Maman Haidar: Hmm, Injiniya kana magana kamar suna jiran mutum da kuɗi a hannu. Ni da aka goge min gefe, fom na cike, hoto na kai, suka ce rahoton 'yan sanda, na kawo, suka ce ƙiyasin gareji, na kawo. Motar na zaune har batir ya mutu. Da shekara ta zagayo kuma suka janye ragin da suke min na rashin neman diyya. Malam, ka nemi wanda ya san dattijon nan a yi masa magana, ya fi maka sauƙi.

Injiniya: Hajiya, sanarwa daban, neman diyya daban. Yana iya gaya musu an yi hatsari, ya ce bai yanke shawarar karɓar kuɗi ba tukuna. Gobe in dattijon ya juya ya ce motar Malam ce ta yi baya ta same shi fa? Kuma in suka biya, su ne za su bi mai laifin ko kamfaninsa su karɓo kuɗinsu. Abin da zai duba shi ne kason da aka rubuta zai fara biya daga aljihunsa. In gyaran bai fi wannan kason da yawa ba, to neman diyyar ba riba.

Baban Ummi: Na gode. Cikakkiya ce. Masu cewa me ya sa ba a kira 'yan sanda ba, mutumin nan sa'an mahaifina ne, ga hanya ta cushe ana ta hon. Ba a yi wa babba haka. Gyara kuwa dole ce ta sa, ba zan bar yara suna shiga mota da igiya a baya ba. Ƙanena ya ɗauki hoto, amma lambar motar tasa rabi ce ta fito.

Abu Sadik: Tsaya Yallaɓai. Ƙanenka ya ɗauki hoto? To wa ke tuƙi?

Baban Ummi: Shi ne, ni ina wurin aiki. Amma yana da lasisi, kuma a tsaye yake aka same shi. Ban ga abin da wannan zai canza ba.

Ɗan Auta: Ka ce kai ne a ciki kawai, wa ya gani?

Injiniya: Kul! Dattijon ya gani, masu wucewa sun gani. Ƙarya a fom ɗin diyya tana iya sa su soke inshorar gaba ɗaya, a wayi gari ma laifin zamba ne a kanka. Malam, buɗe takardar ka nemi inda aka rubuta waɗanda aka yarda su tuƙa. Wata ta ce mai motar kaɗai, wata ta lissafa sunaye, wata ta ce duk mai lasisi da ka ba izini. Karanto mana abin da taka ta ce.

Abu Sadik: Shi ya sa ni na daina ba da makullina. Ɗan yayata ya dawo min da mota lagireto na zuba, har yau ko sannu ban samu ba, uwarsa ma fushi take da ni.

Baban Ummi: Ƙanena ba irin wannan ba ne, ya fi ni natsuwa a kan sitiyari. Takardar tana cikin motar a gareji, sai na je. Mai gyara ya ce ba zai riƙe min wuri ba, akwai motoci a layi. Ina ganin zan ba dattijon zuwa Juma'a, wataƙila ba shi da lafiya ne.

Injiniya: Ba shi zuwa Juma'ar, amma ka kira kamfanin yau. Ɗaya ba ta hana ɗaya.

Maman Haidar: In ya kira su yau suka ce kada a taɓa motar, da me zai kai yaran makaranta, Injiniya?