Kaktus ɗina na ruɓewa daga gindi, ku taimaka min da shawara

Maman Hafsat (Mabera, Sakkwato): Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, raina ne a jagule. Bara bayan Layya na yi lissafi, na tarar kuɗin harawa da dusa sun cinye ribar raguna biyun da na turke, har maigida ya ce in haƙura da kiwo. Ni ko da kiwon nan nike yi wa ɗiya hidima, ban son komawa roƙon kuɗin sabulu. Sai ƙanena da ke Kaduna ya ba ni labarin wani kaktus mai faɗin ganye kamar tafin hannu, wai bisashe na cin shi, kuma yana 'ya'ya masu zaƙi. Kwasar adashena na taɓa, ya aiko min ganye 12 cikin kwali. Uwar mijina na gani ta ce na kawo ƙaya gidan yara, har yau ba ta bar maganar ba. Ranar da sunka iso na dasa su. Yau sati uku, biyar sun yi laushi daga gindi, sun yi baƙi suna wari. In sunka mutu ban san da wane ido zan kalli mutanen gidan nan ba. Mi zan yi?

Ɗan Fadama: Wa alaikumus salam. A mi kika dasa, kuma sau nawa kike ban ruwa? Ba ki faɗi ba.

Inna Gwiwa: Subhanallahi! Ɗiyata, ba tinya ce ba ko ƙerana? Nononsu in ya shiga ido sai Allah. Tumɓuke ki yar tun kafin yaro ya taɓa.

Malamin Gona: Inna, ba ita ba ce. Tinya da ƙerana da aguwa su ke da farin nono. Wannan in an yanka shi yauƙi ne kamar kuɓewa. Asalinsa daga Meksiko, ana noma shi sosai a Maroko da Tunisiya da yankin Tigray na Habasha, a Brazil kuma shanu ake ciyarwa da shi. Maman Hafsat, kin yi kuskure tun ranar farko. Ba a dasa shi da ɗanyen yanka. Ana ajiye ganyen a inuwa sati ɗaya zuwa biyu har bakin ya bushe, sannan a binne kashi ɗaya cikin uku a ƙasa mai yashi, a ƙyale shi ba ruwa sai ya fara saiwa.

Maman Hafsat: Malam, ganyen sun kwana biyu a mota, ai sun sha iska. A bokitan fenti na sa su, da ƙasar da anka ɗebo min daga fadamar Kwalkwalawa da takin awaki. Ruwa safe da yamma kawai nike ba su.

Malamin Gona: Kawai? Laka, bokiti, ruwa sau biyu a rana. Kin huda gindin bokitan?

Maman Hafsat: Ban huda ba, ruwan zai ɓata min siminti. Kuma Malam kana dai ganin zafin Afrilun nan, ya wuce digiri 40. Ko zogale na kwana ɗaya ba ruwa sai ya langaɓe.

Baban Iro (Arkilla): Ke har kina da ruwan ba ƙaya sau biyu? Mu nan sati na uku ke nan famfo ko ɗigo. Mai ruwa ya ƙara kuɗin kura, in ka yi magana ya ce nisa. Wanka ma lissafi ake yi.

Uwar Biyu: Wallahi Baban Iro haka muke a Gidan Igwai. Maman Hafsat, barbaɗa toka a gindin, haka nike yi wa barkonona. Kada ki tone, shuka ba ta son motsi.

Malamin Gona: Toka ba ta tada ruɓaɓɓe. Ki tone duka yau. Waɗanda sunka yi baƙi ki yanke da wuƙa mai tsabta har ki kai inda ya yi kore tas, ki shanya a inuwa, ki sake dasawa cikin yashi a bokiti hudajje. Sauran bakwai a cire su daga lakar. Kuma kada ki sa rai da shi kaɗai zai ƙiba rago. Kusan kashi 90 cikin 100 na ganyen ruwa ne, in kin ba su zalla zawo za su yi. Dole a haɗa da harawa ko ƙowa. 'Ya'ya kuwa sai bayan shekara biyu zuwa uku. Ki kula da ƙananan ƙayoyin nan masu kamar gashi, sun fi manyan mugunta, a babbake su kafin a ba dabba.

Ɗan Fadama: Ni tsorona daban ne. Duk ganyen da ya faɗi ƙasa tsirowa yake. A Ostireliya ya cinye gonaki har sai da anka saki wani ƙwaro daga Ajantina a 1926 kafin a ci ƙarfinsa. Kada a riƙa zubar da shi a juji.

Maman Hafsat: Shekara uku? Ƙanena bai ce min haka ba. Kuma in har sai na sayi harawa, to mi na yi ke nan? Ni dai ina ganin tun can ba masu kyau anka saida mai ba, don bakwai ɗin da ruwa ɗaya nike ba su, ga su nan tsaye. Ban iya tone su gaban uwar mijina, cewa za ta yi ai dama ta faɗa.

Uwar Biyu: To ki tone da dare mana.

Malamin Gona: Bakwai ɗin ma layi suke bi. Na faɗi nawa.

Maman Hafsat: Na gode. Zan rage ruwan zuwa sau ɗaya in gani, in sa tokar.

Baban Iro: Wai akwai wanda ke da lambar mai tankar ruwa da ke shigowa Arkilla?