Hodar saman ido mai duhu ta koma toka a fuskata, ina neman shawara kafin biki

'Yar Ƙofar Ƙaura, Katsina

Assalamu alaikum 'yan'uwa mata. Yayata da ke aure a Kaduna ta aiko mini da akwatin hodar saman ido, wadda muke kira aishado, mai gida 12, kuma launukan da ke ciki sun sha bamban da waɗanda muka saba saye a Babbar Kasuwa, domin babu ruwan goro, babu ruwan zinare, babu ruwan ƙasa ko ɗaya. Daga cikin launukan akwai baƙi wuluk, da ruwan toka iri uku, da shunayya mai duhu, da wani shuɗi mai sheƙi kamar turkuɗi, sai ruwan azurfa mai ƙyalli. A jikin kwalin an rubuta cewa na salon gotik ne.

Ranar Juma'a da yamma na zauna gaban madubi na gwada, amma sakamakon bai yi mini daɗi ba. Ruwan tokar da yake da kyau a cikin akwati ya koma fari-fari a fatar idona kamar na shafa tokar murhu, baƙin ya zuba ƙasan ido ya ɓata hodar da na riga na sa, ita kuwa shunayyar ta bar mini ja-ja a fata har kwana biyu bayan na wanke. Ni baƙa ce sosai, kuma bikin ƙawata saura mako uku, leshin ankon ma azurfa ne da shunayya, shi ya sa nake son in yi amfani da waɗannan launuka. Shin irin wannan kwalliya ba ta karɓar baƙar fata ne, ko kuwa ni ce ban iya sa ta ba?

Mai Kwalliyar Amare, Daura

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kada ki yar da akwatin nan, domin ba fatarki ce ta ƙi shi ba. Salon gotik ya samo asali ne a Ingila, daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980, a tsakanin matasa masu son wani nau'in kiɗa da baƙaƙen tufafi, kuma yawancinsu fararen fata ne waɗanda ke ƙara wa fuska haske da hoda don duhun ido ya fito. To ke fatarki ta riga ta zo da nata launi mai ɗumi, saboda haka idan kika ɗora ruwan toka mai haske kai tsaye a kanta, farin da ke cikin hodar ne zai fito fili, ya zama kamar ƙura. Amma duhu mai sanyi a ido ba baƙon abu ba ne a wajenmu, ai kakanninmu da kwalli suka yi ado, kuma duk wadda ta ga turkuɗi a jikin baƙar mace ta san yadda shuɗi mai duhu ke haska ta.

Yadda nake yi wa amare masu irin fatarki shi ne, ba na farawa da hodar. Sai na ɗauki jagirar ido baƙa mai laushi na zana a gindin gashin ido, na murza ta da ƙaramin buroshi har ta rufe rabin fatar idon, sannan na ɗora shunayya ko shuɗin a kai ta hanyar dannawa, ba gogawa ba. Baƙin da ke ƙasa shi ke riƙe launin ya kuma ba shi zurfi. A lanƙwasar ido kuwa, inda fatar ke naɗewa, ki ara ruwan ƙasa daga wani akwatin naki, wanda ya ɗan fi fatarki duhu, ki shafe bakin launin da shi don kada a ga iyaka. Ruwan toka mafi haske a cikin ukun nan, a ganina, ki bar shi kawai, ba naki ba ne; mafi duhun shi zai yi miki aiki. Azurfar kuma da ɗan yatsa ake sa ta, ɗigo ɗaya a tsakiyar fatar ido da kuma kwarmin da ke kusa da hanci, ita ce za ta ɗauko launin leshinki.

Game da zubar da baƙin ya yi, ki riƙa gama ido tukuna kafin ki taɓa sauran fuska, ki kuma kaɗe buroshi a bakin akwatin kafin ki kai shi ido. Yanzu da hunturu ya shigo fata na bushewa, hoda kuwa ba ta zama a busasshiyar fata, don haka ki shafa mai kaɗan ki bari ya shige kamar minti 10 kafin ki fara. Jan baki ki zaɓi ruwan hanta ko wanda ya yi kusa da launin leɓenki, domin baƙin jan baki irin na masu wannan salo zai yi nauyi a taron kamu.

Uwar Biyu, Sabuwar Unguwa

'Yar'uwa, ni jan da ya zauna miki kwana biyu ne ya fi ɗaukar hankalina. Ki juya bayan kwalin ki karanta jerin sinadaran. Shunayya da shuɗi da baƙi na ainihi ana yin su ne da launukan ma'adinai masu lamba CI 77742 da CI 77007 da CI 77499, kuma waɗannan ba su cika rina fata ba. Amma wasu kamfanoni na haɗa shunayya da jan rini mai ƙarfi, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ba ta amince a sa wasu daga cikinsu kusa da ido ba, shi ya sa za ki ga an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa wasu gidajen ba na ido ba ne. Idan rinin ne kawai, babu ƙaiƙayi babu kumburi, zai goge da kansa, amma idan akwai raɗaɗi ko idon ya yi ja, ki daina sa wannan gidan ki ga likitan ido. Ki duba lambar rajistar NAFDAC, ki kuma duba hoton ƙaramar kwalba mai buɗaɗɗen murfi da aka rubuta 12M ko 24M, wato adadin watannin da kayan zai yi bayan an buɗe shi. Idan kin ga CI 75470, wannan jan launi ne da ake samu daga wani ƙwaro, na faɗa ne saboda wasu matan suna son su sani kafin su sa.

Hajiya Babba, Ƙofar Soro

'Yata, ki tuna kamu yakan kai har bayan magariba. Idan jagirar da za ki sa a ƙasa irin wadda ruwa ba ya ratsawa ce, ki tambayi malami hukuncinta game da alwala tun kafin ranar, ki kuma tafi da abin gogewa a jaka. Sannan ki rage duhun, kada ki fi amarya ɗaukar ido.

'Yar Ƙofar Ƙaura, Katsina

Na gode ƙwarai Anti, da Uwar Biyu, da Mama Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na duba kwalin, kuma lallai akwai alamar tauraro a kan gida biyu, har da shunayyar da ta rina ni, an ce kada a sa su a ido. Jiya da safe na gwada shuɗin a kan baƙar jagira kusa da taga, na ɗora azurfar da yatsa kamar yadda Anti ta ce, kuma bai koma toka ba har la'asar. Anti, tunda shunayyar ta fita daga lissafi, zan iya haɗa shuɗin da ruwan hanta kaɗan a gefen ido don ya dace da leshin, ko in bar shi shi kaɗai?