Gyaran garkuwar faiba ta tsohon babur kafin fenti

Mai tsohon babur: Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Na gaji Honda CB750 daga mahaifina, irin wanda aka fara ƙerawa a 1969, kuma garkuwar gabansa, wato murfin da ke tare iska, ta faiba ce. Ta tsage kusa da ramin ƙusa, sannan fuskarta ta yi ƙananan tsagu kamar saƙar gizo-gizo. Ina son in gyara ta da hannuna a ranakun hutu. Shin in shafe tsagun da fila, wato abin cike rami, in fesa fenti?

Tsohon fanal bita: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka soma. Na taɓa yin haka, wata biyu ba su cika ba tsagun suka sake bayyana ta cikin sabon fentin, domin fila ba ya riƙe abin da ke girgiza. Ka kankare bayan garkuwar da sanfefa mai lamba 80, ka goge da asiton, wato sinadarin cire maiƙo, sannan ka shimfiɗa zanen faiba hawa uku da rezin, wato ruwan gam ɗin da ke riƙe faiba, kowane hawa da faɗinsa daban. Ƙananan tsagun kuwa sai ka ɗan buɗe su har ƙarƙashin fatar sama mai sheƙi, ka cike.

Mai gyaran jirgin ruwa: Gaskiya ne, Baba. Abin da zan ƙara shi ne, rezin na foliyesta yana buƙatar hadina, wato sinadarin da ke sa shi daskarewa, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari kawai, kuma a zafin bazara yana iya daskarewa a cikin kofi tun kana neman buroshi, saboda haka ka riƙa haɗa kaɗan kaɗan da sassafe. Rezin na ifoksi ya fi kama tsohuwar faiba, sai dai ya fi tsada. Kada kuma ka zuba maganin cire fenti irin na ƙarfe, yana cin faiba.

Mai tsohon babur: Na gode ƙwarai. Batun fentin fa?

Tsohon fanal bita: Ka bi da sanfefa mai lamba 180 da 320, ka fesa firaima, wato fentin ƙasa, ka duba da tocila a kaikaice, za ka ga ramuka kamar hudar allura waɗanda ido bai gani ba. Sai ka cike su, ka goge da mai lamba 600 da ruwa. Ka guji ranar da ƙurar hunturu ta taso, kuma ka sa takunkumi mai matata, ba na ƙyalle ba. Idan hannu ya yi ƙaiƙayi saboda faiba, ka wanke da ruwan sanyi, kada ka sosa.